KUKAN MAI SAYE DA KUNNEN MAI SAYARWA: DARASI DAGA KAMFANONIN ƘERA KYAMARA

Jawabin da aka gabatar a wajen babban taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Kaduna



GABATARWA

Kwamitin shirya wannan taro ya umurce ni da in yi tsokaci a kan wata sana'a daga cikin sana'o'in da matasanmu suka runguma a nan Kaduna. Na zaɓi sana'ar ɗaukar hoto, sai dai zan ɓullo mata ta wata kafa da ba a saba bi ba, wato ta wajen kamfanonin da ke ƙera kyamara, da tarurrukan bita da suke shirya wa masu sayen kayansu, da kuma yadda suke sauraron koken mai saye ko su yi kunnen uwar shegu da shi.

Na san wani zai ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan ƙungiyar ci gaban gari da kamfanonin Japan da Jamus da Amurka? Ruwanmu kuwa shi ne, akwai 'ya'yanmu da yawa a Kawo da Unguwar Rimi da Badarawa da Unguwar Shanu da Tudun Wada waɗanda da kyamara suke ci, da ita suke sha, da ita suke biyan kuɗin makarantar ƙannensu. Sana'ar kuwa ta shiga wani hali tun da wayar salula mai kyamara ta shiga aljihun kowa. Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zaure guda ɗaya ne: kamfani yana da kunne, amma kukan mutum ɗaya ba ya isa gare shi, kukan da yake ji shi ne na jama'ar da suka haɗa baki, suka zo masa da lissafi a hannu. Zan kawo hujjojina daga tarihi, sannan in ba da shawara.

HOTO DA GARIN KADUNA

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin nan ya zama matattarar ma'aikata da sojoji da 'yan reluwe da 'yan kasuwa, kuma duk inda irin waɗannan suka taru, mai hoto ba ya rasa aiki. Hawan dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a nan Kaduna a 1956, da bikin samun mulkin kai na Jihar Arewa a 1959, da gagarumin hawan dabar bikin FESTAC a 1977, duk yawancin matasanmu ba su san su ba sai ta hanyar hotunan da ma'aikatan Ma'aikatar Watsa Labarai da 'yan jarida suka ɗauka. Jaridar New Nigerian da ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu, 1966, ta yi masu ɗaukar hoto na kanta, waɗanda suka zagaye Arewa lungu da saƙo. Wanda ya shiga Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar adana tarihi a 1970, zai ga yadda hoto ɗaya ke faɗin abin da shafi goma ba su faɗa ba. Gani ya kori ji.

Ban da waɗannan manya, akwai masu ƙananan shagunan hoto da suka cika unguwanninmu da bakin babbar kasuwa. Su ne ke ɗaukar hoton fasfo na ɗalibi mai neman shiga makaranta da na maniyyaci mai shirin shiga sansanin alhazai na Mando. Su ne na suna da biki da naɗin sarauta. Su ne na ranar Sallah, inda yara ke yin layi da sabon ɗinki a gaban labule mai zanen gidan sama. Wannan sana'a ta aurar da mutane, ta gina gidaje, ta kai wasu Makka.

To, daga 2001 da aka fara wayar GSM a Nijeriya al'amura suka soma juyawa. A 2007 aka fito da sabon fasfo na zamani wanda a ofis ake ɗaukar hoton mai shi. Rajistar masu zaɓe ta koma ta na'ura mai ɗaukar hoto nan take. A 2014 bankuna suka kawo lambar BVN, su ma da kyamararsu. Haka kasuwar hoton fasfo ta yi ta tsukewa, ɗakunan wanke fim suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne halin da 'ya'yanmu suka tarar da sana'ar.

ME YA SA KAMFANI KE KOYAR DA MAI SAYE?

Kafin 1888 ɗaukar hoto aikin gwanaye ne masu sanin haɗa magunguna da ɗaukar kaya niƙi-niƙi. A wannan shekara wani Ba'amurke mai suna George Eastman, a garin Rochester, ya fito da wata 'yar akwati da ya sa wa suna Kodak. Ana sayar da ita dala 25, da fim a ciki mai ɗaukar hoto 100. In fim ya ƙare sai mutum ya aika da akwatin gaba ɗaya kamfani, a wanke, a buga hotunan, a sa sabon fim, a dawo masa da ita. Alkawarin da ya yi wa mai saye shi ne, kai dai danna, sauran aiki namu ne. A 1900 ya sake fitowa da wata mai suna Brownie a kan dala 1 kacal, domin yara da talakawa su iya saye. Daga nan kamfanin ya shiga buga littattafan koyar da ɗaukar hoto da shirya gasa, domin ya gane cewa wanda bai iya ba zai ɗauki hoto biyu su lalace, ya jefar da akwatin a ƙarƙashin gado, shi ke nan an yi asarar mai sayen fim na har abada.

Irin wannan 'yar akwati ta Brownie ce ta buɗe wa manyan gwanayen Afirka ta Yamma hanya. Da ita Seydou Keïta na Bamako ya fara, kafin ya buɗe shagonsa a 1948. Da ita J.D. 'Okhai Ojeikere na Nijeriya ya fara a 1950, wanda daga baya ya ɗauki hotunan kitso da ɗaurin ɗankwalin matan ƙasar nan da suka zagaye gidajen tarihi na duniya.

Sauran kamfanoni sun bi sahu. Kamfanin Leica na Jamus ya buɗe makarantar koyar da masu sayen kyamararsa a garin Wetzlar tun cikin shekarun 1930, tana nan kuma har yanzu. Kamfanin Nikon na Japan yana da tasa makarantar a ƙasashe da dama. Kamfanin Canon ya ƙaddamar da wani shiri na musamman domin Afirka a 2014, ya fara daga Kenya, ya sa masa suna Miraisha, wato haɗin kalmar Japananci mai nufin gaba da kalmar Suwahili mai nufin rayuwa. Shirin ya iso Nijeriya da Ghana da Uganda da wasu ƙasashe, yana koyar da ɗaukar hoto da bidiyo da ɗab'i.

Jama'a, kada mu ruɗi kanmu, ba sadaka kamfani yake yi ba. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Bita tana da ƙofa biyu. Ta ƙofar farko ilimi ke fita daga kamfani zuwa ga mai saye, domin ya ji daɗin abin da ya saya, ya dawo gobe ya sayi gilashi da fitila da batir. Ta ƙofa ta biyu kuwa labari ke shiga daga mai saye zuwa ga kamfani. Duk malamin da ya taɓa riƙe alli ya san cewa tambayar ɗalibi ita ke nuna masa inda darasinsa ya yi rauni. Haka mai koyarwa a bita yake komawa ofis da rahoto: mutanen wuri kaza sun koka da zafin da kyamara ke yi, na wuri kaza sun koka da tsadar batir, na wuri kaza suna son abu kaza. Garin da ba a taɓa yin bita a cikinsa ba, babu sunansa a wannan rahoto.

KUKAN WA AKE JI?

A nan zan kawo wani labari da ya shafe mu kai-tsaye. Duk wanda ya yi aikin makaranta a shekarun fim mai kala ya san hoton aji na ƙarshen shekara: fararen rigunan yara suna ƙyalli, fuskokinsu kuwa sun dushe, sai fararen idanu da haƙora, har uwa kan sa yatsa tana laluben ɗanta. Mutane da yawa sun ɗauka haka Allah ya yi hoton baƙar fata. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Tun daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa ɗakunan wanke fim wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, domin da shi ake daidaita launin injin buga hoto. In fuskar Baturiyar ta fito daidai, to an ce inji ya daidaita. Shi kansa fim ɗin an haɗa magungunansa ne da farar fata a zuciya. Wata malamar jami'a a Kanada mai suna Lorna Roth ta bi diddigin wannan al'amari, ta wallafa bincikenta a 2009. Abin mamaki da ta gano shi ne, cikin waɗanda kukansu ya sa kamfanin ya gyara yadda fim ke fito da launuka masu duhu a shekarun 1960 da 1970 akwai kamfanonin yin cakulan da na kayan katako, waɗanda suka koka cewa a hotunan tallarsu ba a bambance cakulan mai duhu da mai madara, ba a kuma bambance wannan katako da wancan. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da kati mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban.

Ku duba fa, jama'a. Miliyoyin baƙaƙen fata a Afirka da Amurka sun yi shekaru suna sayen wannan fim, kowa yana gunaguni a ɗakinsa. Masu cakulan kuwa 'yan kaɗan ne, amma manyan masu saye ne, sun san ƙofar da ake bugawa, sun kuma kai kukansu a rubuce da sunan kamfanoninsu. Su aka ji.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai yin wayoyin Tecno da Itel da Infinix, ya mai da hankalinsa kan Afirka tun wajen 2008. Ya lura mutanenmu na yawo da layi biyu saboda matsalar sabis, sai ya yi waya mai cin layi biyu. Ya lura wutar lantarki ba ta zama, sai ya ƙara girman batir. Ya sa Hausa da Suwahili da Amharik cikin harsunan wayar. Ya buɗe wuraren gyara a manyan garuruwa. Uwa-uba, ya daidaita kyamarar wayarsa domin ta fito da fuskar baƙar fata sarai. Zuwa 2017 ya zarce kowane kamfani yawan sayar da waya a nahiyar Afirka. Da sauran suka ga haka, su ma suka farga. A 2021 kamfanin Google ya yi shelar cewa ya gyara kyamarar wayarsa ta Pixel domin launin fata iri-iri. Abin da aka yi shekara da shekaru ana cewa haka ya gada, ashe gyaruwa yake yi da zarar an ga akwai kasuwa a bayansa.

SAKAMAKON TOSHE KUNNE

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. A 1975 wani matashin injiniya a kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya kusa kilo 4, tana kuma ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Shugabannin kamfanin ba su yi ɗoki ba, domin ribarsu a fim take da takardar hoto da magungunan wanki. Daga baya sun shiga harkar dijital, har sun yi fice wajen sayar da ƙananan kyamarori a Amurka, amma zuciyarsu tana ga buga hoto a takarda, alhali mai saye ya riga ya koma son ya ɗauka ya aika wa ɗan'uwansa nan take. Kamfanin da ya taɓa riƙe ma'aikata sama da 145,000 a 1988, sai ga shi a watan Janairun 2012 a gaban kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi. Ya farfaɗo a 2013, amma a matsayin ƙaramin kamfani.

Abokin hamayyarsa Fujifilm na Japan ya fuskanci irin wannan guguwa, sai ya tambayi kansa, wane ilimi ne nake da shi wanda mutane ke buƙata yanzu? Ya karkata ga na'urorin asibiti da magunguna, har a 2007 ya fito da man shafawa, domin sinadarin da ake yin fim da shi dangin wanda ke cikin fatar mutum ne. Ya kuma riƙe 'yar kyamarar nan ta Instax mai fito da hoto nan take, wadda ya fara yi a 1998, ta zo ta zama abin yayi ga matasan duniya.

Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Konica Minolta ya bar harkar kyamara a 2006, Olympus ya yi shelar sayar da sashensa na kyamara a 2020. Waɗanda suka rage sun koyi darasi, yanzu kunnensu a buɗe yake fiye da da. Da matasa suka sake sha'awar fim, Kodak ya dawo da fim ɗinsa na Ektachrome a 2018 bayan ya daina yin sa, Pentax kuma ya fito da sabuwar kyamarar fim a 2024. Ma'anar wannan gare mu ita ce, kamfanonin nan a yau neman mai saye suke yi ruwa a jallo. Ba a taɓa samun lokacin da ya fi wannan dacewa mu buga ƙofarsu ba.

INDA ƊAKINMU YAKE YOYO

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mafi yawan bitar da muke jin labarinta a ƙasar nan a Legas ake yin ta, wani lokaci a Abuja, kuma da Turanci. Yaron da ke Hayin Banki ba shi da kuɗin mota da na masauki, ko ya je ma, matsalolin da za a tattauna ba lallai su zama nasa ba. Nasa matsalolin ga su.

Akwai ƙurar hunturu, wadda ke shiga cikin kyamara duk lokacin da aka cire gilashi a fili, ta bar ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Da damina kuma laima kan sa gilashi ya yi fumfuna. Akwai ranar tsaka da farar babbar riga. Ma'aunin haske da ke cikin kyamara, in ya ga fari ya cika wuri, sai ya rage haske, fuskar ango ta yi duhu. Maganinsa a auna haske a kan fuska, a ja mutum inuwa, ko a sa yaro ya riƙe farin kwali ya maido da haske, abin da malami zai koyar cikin rabin sa'a. Akwai rashin wuta da jabun batir. Akwai rashin ƙwararren mai gyara da kayan gyara na ainihi, ta yadda ƙaramar matsala kan sa kyamara ta yi wata biyu a hanya ana cikin kakar biki.

Daɗin daɗawa, su ma masu hotonmu suna da nasu masu saye da ya wajaba su saurara. Seydou Keïta da na ambata ya yi suna ne saboda ya lura da abin da mutanen Bamako ke so a gan su da shi, sai ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da babur a shagonsa domin mai zuwa hoto ya zaɓa. A Kaduna ta yau, gidaje da yawa sun fi son mace ta ɗauki hoton kamu da sa lalle da wunin biki, amma mata masu wannan sana'a ba su da yawa. Masu sayar da atamfa da turaren wuta da masu ɗinki suna tallar hajarsu a WhatsApp da Instagram, suna neman mai ɗaukar musu hoto mai kyau. Kusan kowane gida yana da tsofaffin hotunan iyaye da gara da ruwa ke ci, ana neman mai kwafe su a kwamfuta ya gyara. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

SHAWARWARI

Mai girma Shugaban taro, ga abin da nake ganin ƙungiyarmu za ta iya yi ba tare da ta jira kowa ba.

Na farko, a yi ƙidaya. Sakatare da wakilan unguwanni su rubuta duk ɗan garinmu mai sana'ar hoto ko bidiyo a Kaduna da can gida: unguwarsa, irin kyamarar da yake riƙe da ita, shekarunsa a sana'a, da manyan matsalolinsa. Wannan takarda ita ce makaminmu, domin ɗan kasuwa lissafi yake ji.

Na biyu, a rubuta takarda da sunan ƙungiya zuwa ga wakilan kamfanonin kyamara da na waya a Nijeriya, ba kamfani ɗaya ba, domin kowanne ya san an gayyaci abokin hamayyarsa. Mu ce musu ga yawanmu, ga zaure, ga kujeru, ga janareta, ga masauki, ku dai ku kawo malami da kayan gwaji. Tun 2016 akwai jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Rigasa, saboda haka nisa ba hujja ba ce.

Na uku, mu gindaya sharuɗɗanmu cikin ladabi. A yi bitar da Hausa ko a sa tafinta. A fita fili, kamar Dandalin Murtala, da tsakar rana, a gwada hoto a kan fatarmu da tufafinmu. A ware zama na mata. A ware zama na masu ɗauka da waya, domin da ita yawancin yaranmu za su fara. A zo da mai gyara ya duba kyamarori, ya kuma koya wa biyu ko uku daga cikinmu. A ƙarshe a rubuta koke-koken mahalarta, a miƙa wa wakilin kamfani kofi, mu riƙe kofi, bayan wata uku a tuntuɓe shi a ji inda aka kwana.

Na huɗu, mu gyara yadda muke saye. Yawancin kyamarorin da ke hannun 'ya'yanmu na gwanjo ne, kuma kayan gwanjo ba sa shiga littafin wakilin kamfani. A idonsa Kaduna ba ta saye, ko da kuwa kayansa sun cika garin. Ban ce a daina sayen gwanjo ba, kowa da ƙarfinsa. Amma in matasa goma suka yi adashi suka sayi ko da batir da gilashi ne daga hannun wakili na gaskiya, da rasit da takardar garanti, sun sa sunan garin nan a littafi, sun kuma sami haƙƙin kai ƙara in kaya ya zo da aibi.

Na biyar, ko sun zo ko ba su zo ba, mu fara tamu bitar. Da tsohuwar zuma ake magani. Akwai dattawan da suka yi shekara talatin a ɗakin wanke fim, sun san haske kamar yunwar cikinsu, suna zaune a gida ba mai tambayarsu. A haɗa su da malaman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, tana da ofis a nan Kaduna. Kwamiti ya je ya nemi shawararta a kan yadda mai koyon sana'a zai sami takardar shaida. Kamfani ya fi saurin zuwa inda ya tarar an riga an hura wuta.

Na shida, aikin gwaji na farko da za a ba waɗanda aka horar ya zama na tattara tsofaffin hotunan garinmu: na sarakuna da hakimai, na makarantar firamare ta farko, na kasuwa da masallaci da tasha. A kwafe su, a rubuta sunayen mutanen da ke ciki tun masu gane su suna raye, a ajiye a wuri biyu, a mayar wa kowane gida da nasa.

Gare ku kuma 'ya'yana matasa, ina da jan kunne. Ranar bita za a jera muku kyamarori masu ɗaukar ido, mai koyarwa kuma ba zai manta da cewa talla ta kawo shi ba. Ku ɗebi ilimin, ku yi tambaya ba tare da jin kunya ba, amma kada wanda ya ci bashin da zai hana shi barci saboda kyamarar da aikinsa bai kai ta ba. Gwanayen da na ambata da akwati mai araha suka fara. Ku cika alkawarin ranar ba da hoto, kada ku sa hoton matar wani ko 'yar wani a intanet ba da izini ba, domin amana ita ce jarin mai hoto.

KAMMALAWA

A taƙaice, tarihin kamfanonin kyamara ya nuna mana cewa wanda ya saurari mai saye ya rayu, wanda ya toshe kunne ya durƙushe. Ya kuma nuna mana cewa mai sayen da ya tsaya gunaguni a ɗaki zai daɗe yana karɓar abin da aka ƙera domin wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon wannan taro, kafin a tashi, ya naɗa kwamitin mutum biyar, a sa mata biyu a ciki da mai sana'ar hoto aƙalla ɗaya, a ba su wata uku su kawo ƙidayar da kuma daftarin takardar gayyata. In Allah ya kai mu taron baɗi, ina fatan hotunan da za su fito a wannan mujalla su kasance aikin hannun 'ya'yanmu da aka horar a nan Kaduna.

 Allah ya ɗaukaka garinmu, ya sa albarka a sana'o'in 'ya'yanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.